AMARYA, INA WUƘARKI?

'Yan'uwana mata, musamman ke da ake shirin kai ki ɗakin miji, da ke da aka yi wa maigidanki canjin wurin aiki kina ta ɗaure kaya, tambaya ɗaya ce gare ni, kuma don Allah kada ki yi dariya sai kin kai ƙarshe. Ina wuƙarki?

Na san amsar da za ki ba ni. Za ki ja hannuna zuwa kicin ki nuna mini wani ɗan akwatin katako da aka cusa wa wuƙaƙe shida, kowace da baƙin mariƙi na roba, suna ta ƙyalli kamar madubi, ki ce ai ga su nan, saiti guda Inna ta saya mini a kanti. To madalla, Allah ya saka wa Inna da alheri, ya bar zumunci. Amma ni wuƙa na tambaya, ke kuma kin nuna mini kayan jere. A da kwalla da samira da tangaran ake jerawa har su kusa taɓa rufin ɗaki, kowa ya san don kallo aka yi su, ba mai zuba tuwo a ciki. Yanzu kuma abin ya gangaro har kan wuƙa, wadda tun ran da aka ƙera ta farko aiki aka yi ta dominsa.

Bari in gaya miki abin da zai biyo baya, don ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba na gani. Sati na farko lafiya lau, don abinci daga gidan surukai yake zuwa. Ran da kika fara girki za ki zaro babbar, ta yanka albasa, ki ce ai shi ke nan. Kafin wata ya zagayo ta fara murje tumatir maimakon ta yanka, ki ajiye ta ki zaro ta biyu. Ranar da maigida ya shigo da kaza aka yanka, kika zo gaɓa ki ɗan danna, sai ki ji ƙaras, mariƙin yana hannunki ruwan wuƙar yana cikin roba. Kafin ki yi haihuwar fari akwatin nan ya zama wurin soka cokula. Daga nan kuma sai a shiga aro.

Aron wuƙa! Wallahi in da za a bi diddigin faɗan matan gidan haya, da an tarar kashi mai yawa daga nan ya faro. Ke baƙuwa ce a unguwa, ba ki san halin kowa ba, ba wanda ya san naki. Abu na farko da za a sani game da ke shi ne kullum da hantsi yarinya za ta leƙo ta ce, "Wai in ji amarya a ara mata wuƙa." Ranar farko za a ba ki da fara'a. Ta biyu ma haka. Ta biyar mai wuƙa tana tsakiyar gyaran kuɓewa za ta ce a ce miki tana aiki, ke kuma ki ji haushi ki ce rowa ce. Ran da ta ɓace a hannunki kuwa, ko kika mayar da ita da giɓi, to kin ba da abin gori na shekara guda. Ana cikin hira a tsakar gida za ki ji an ce, "Wasu dai an kawo su da gado na kuɗi da firji, amma abin yanka albasa sai an bi ɗakuna." Kayan aro dai ba ya rufe katara, kin sani na sani.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ya fi tayar mini da hankali, wato ɗan aiken. Yarinya 'yar shekara biyar ko shida ake miƙa wa tsirarar wuƙa ta ratso tsakar gida da ita a guje, ga turmi, ga igiyar shanya, ga ruwan wanke-wanke ya jiƙa siminti, ga 'yan'uwanta suna tsere. Allah ne kawai yake tsarewa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana babba ya miƙa wa babba takobi a zare, mu kuma ga mu muna ba ƙananan yara. In ba don komai ba, don wannan kaɗai ya kamata kowace mace ta tare da wuƙarta.

Abin kunyar ya fi yawa a kanmu mu mutanen wannan yanki. A ƙaramar hukumar Aliero akwai gari sunansa Jiga Maƙera, kusa da Jiga Birni, sunan ma kaɗai ya isa ya tuna wa mutum sana'ar da ta riƙe ƙasar nan. Aliero kuwa duk Nijeriya an san ta da albasa, manyan motoci ake lodawa har kasuwar Mile 12 ta Legas, har ƙetaren iyaka. Wace gona ce aka taɓa nomawa a Jega ko Maiyama ba da fartanyar maƙeri ba? Wace shinkafa aka yanka a fadama ba da laujensa ba? A ce 'yar da aka haifa a ƙasar albasa, aka yi mata kayan ɗaki da kuɗin albasa, ita ce za ta je Birnin Kebbi ko Kaduna tana bin ɗakuna neman abin yanka albasa? Haba! Kano ma da muke ɗauka can ne birni, masu tarihi sun ce asalin zamanta maƙera ne suka zo gindin Dala neman tama. A cikin Alƙur'ani mai girma sura guda aka sanya wa sunan ƙarfe, kuma Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ƙira aka san shi. Sai mu ne yau za mu toshe hanci don mun ga gawayi.

Kada ki ce son na gida ne kawai yake sa ni magana. Akwai dalili, kuma dalilin yana cikin ƙarfen. Kakannin maƙeranmu tama suke haƙowa su narka da kansu, har zamanin Turawa ya zo da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, da motoci, tsohon ƙarfe ya wadata aka bar narka tama. Maƙerin kirki a yau, in zai yi wuƙa, sifirin tsohuwar mota yake nema, ko mataccen magagari. Wannan ƙarfe ne mai sinadarin gawayi a jikinsa daidai gwargwado, an yi shi don ya ɗauki nauyi shekara da shekaru bai gaji ba. Zai sa shi a wuta, ya fi son gawayin ƙirya don ƙarfin zafinsa, yaro yana ta zuga, sai ya yi ja ya ɗauko da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera ya yi ta bugu da masaba har ya fitar da siffa. Sannan a zo wurin da gwani yake rabuwa da ɗan koyo, wato ban ruwa. A mayar da wuƙar wuta, in ta kai wani launi da idon maƙeri ya sani, ya tsoma ta a ruwa ko a mai. Sanyin nan na farat ɗaya shi yake ƙulle ƙarfen ya yi tauri. In aka bar ta haka za ta yi tauri har ta riƙa ɓantarewa kamar kwalba, don haka sai a ɗan sake ɗumama ta a hankali ta saki jiki. Wuƙar da ta sha ruwa daidai tana riƙe kaifi, in kuma ta dakushe, goga biyar ko shida a dutse ta dawo.

Su kuwa masu ƙyallin, ƙarfensu daban ne. Wani Bature mai suna Harry Brearley ne ya fito da irinsa a birnin Sheffield na Ingila a 1913, aka gauraya ƙarfe da wani sinadari, kuromiyam, fiye da kashi 10 cikin 100, shi ne yake hana tsatsa. Dabara ce mai kyau, ba na musu, kuma akwai wuƙaƙen irin wannan ƙarfe masu kaifin gaske. Sai dai masu kyan ba su ne ake tarawa shida a akwati a sayar wa uwar amarya ba, guda ɗayansu ta fi saitin nan gaba ɗaya tsada. Waɗanda suke iso mana daga falle ake datso su da inji kamar yankan alkaki, ƙarfen lushi gare shi, bakin yana lanƙwashewa, wutsiyar da ta shiga mariƙi kuwa ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, roba aka narka aka liƙa. Wasu ma an yi musu haƙora kamar zarto don a ɓoye rashin kaifi, waɗannan ko kin kwana a bakin dutse ba za su wasu ba. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, amma wannan karon ta yi adon, aikin ne ba ta yi.

In kina son shaida kada ki tambaye ni, ki aiki yaro ya tsaya a rumfar mahauta a kasuwar Jega ya dubo miki abin da yake hannunsu. Ki dubi mai kilishi, wanda yake shimfiɗa tsoka ya fere ta har ta zama kamar takarda. Ki dubi mai tsire. Ki dubi tsofaffin da suke zama su yanka buhun kuɓewa ko kwandon tumatir don shanya, da masu yankan lawashi a yi gabu. Mutanen da abincinsu yake bakin wuƙa ke nan, da ta kanti ta fi, da tuni sun koma, don ba wanda yake wasa da abin da yake ci da shi. Ki kuma tuna ranar Babbar Salla. An sauko daga idi, rago yana ɗaure, maigida ya ce a kawo wuƙa, a kawo ta cikin akwati, ya shafa bakinta ya yi tsaki, a tura yaro maƙwabta, su ma suna kan nasu. Alhali hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar. Azabtar da rago da dakusasshiyar wuƙa laifi ne, kuma gidan da ba wuƙar kirki da hannun uwargida a ciki, ko da ba ita ta riƙe ba.

To na ji, za ki ce tana tsatsa. Gaskiya ne, tana yi. In kika yanka lemon tsami ko tumatir kika bar ta a jiƙe, kafin la'asar ta yi ja. Sabuwa fil ma takan ɗan baƙanta albasa a kwanakin farko. Amma mene ne maganin? Ki wanke, ki goge da busasshen tsumma nan take, in za ta kwana biyu ba aiki ki shafa mata ɗigon man gyaɗa. Shi ke nan. Da tafiya ta yi tafiya za ki ga ta yi wani duhu-duhu mai kama da toka, kada ki kankare shi, shi ne rigarta, shi yake kare ta, daga nan kuma ta daina ɓata albasa. Macen da take iya zama ta goge kwanukan jere ɗaya bayan ɗaya duk Juma'a, kwanukan da ba a ci a ciki, ita ce za ta ce goge wuƙa ɗaya ya yi mata yawa?

Tunda an zo maganar tsatsa bari in ratse kaɗan. Mutane suna cewa tsatsa ce take kawo cutar sarƙe-haƙora, wadda likitoci suke kira tetanus. Ƙwayar cutar a ƙasa take da kashin dabbobi, duk abin da ya yanke ki da datti a jikinsa zai iya shigar da ita, mai tsatsa ne ko mai ƙyalli. Don haka wuƙa ba ta kwana a ƙasa kusa da turken awaki. Kuma ko ta maƙeri ko ta kanti, kada a kuskura a yanke cibiyar jariri da wuƙar girki, sabuwar reza ake buɗewa a gaban kowa, mai ciki kuma ta je awo a yi mata allurar rigakafi. An rasa jarirai da yawa ta wannan hanya ana cewa iska ce.

Wasu kuma tsoron kaifin suke ji, wai gara marar kaifi ba ta yanke mutum. Wannan magana a juye take. Dakusasshiyar wuƙa ita take sa ki danna da ƙarfi, ta zame daga bayan albasa ta sauka a yatsa da duk ƙarfin da kika sa. Mai kaifi kuwa inda kika ɗora ta nan take shiga. Hawayen da kike yi ma da laifinta a ciki. Albasa tana da wani sinadari da ba ya tashi sai an farfasa ƙwayoyin jikinta, masana a Japan sun gano abin da yake haɗa shi a 2002. Mai kaifi ratsawa take yi ta wuce, dakusasshiya kuwa murjewa take tana fesa ruwan sama, shi ya sa za ki ga amarya ta fito daga kicin ido jawur kamar an yi mata kishiya.

Amma ni na san duk waɗannan hujjoji ne na baki. Abin da yake zuciya kalma ɗaya ce, ƙauyanci. Ana tsoron 'yan ganin ɗaki su shiga kicin su ga baƙar wuƙa mai ƙotar itace su yi zunɗe. To ki saurara. A Faransa akwai wata 'yar wuƙa mai naɗewa sunanta Opinel, wani ɗan gidan maƙera ne a ƙauyen duwatsu ya fara yin ta a 1890, ƙotar itace ce, kuma ta asalin baƙin ƙarfe ce mai tsatsa irin tamu. Har yau ana yin ta, Bafaranshe yana saka ta a aljihu yana yanka burodi da cuku yana alfahari, har gidajen tarihi aka kai ta. Okapi da dattawanmu suke sakawa a aljihun 'yar shara, tun 1902 aka fara ƙera ta a Jamus musamman don a sayar wa mutanen Afirka, a 1988 aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu, ita ma tana tsatsa in an bar ta. Manyan masu dafa abinci na Japan da baƙin ƙarfe suke aiki, suna gogewa bayan kowane yanka. Wato in maƙerin ƙauyen Faransa ya yi, wayewa ce, in na Jiga ya yi, ƙauyanci ne. Wa ya raba mana wannan rabo?

Yanzu ga 'yar ƙaramar, wadda take zama kusa da ke kullum. Iyayenmu mata ba sa rabuwa da ita, tana cikin lefe ko a soke a jikin zana, da ita ake fere mangwaro da rogo da rake, a yanke igiya, a raba goro, a tsage kara. Ke ma za ki buƙace ta a sabon wuri fiye da yadda kike zato, tun daga ranar kwance kaya. Shawarata ki sa a yi miki mai tsawon ɗan yatsa ko fiye kaɗan, marar tsini sosai, ki kai wa baduku ya ɗinka mata kube. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce Turawa suka daɗe suna saye ta hannun fataken Sahara suna kiran ta fatar Maroko, ga ta a ƙofar gidanmu. Na fi son mai kube a kan mai naɗewa ga mace mai aikin abinci, don mai naɗewa ruwan mangwaro da maiƙo suna taruwa a gaɓarta inda soso ba ya kaiwa, marar makulli kuma tana iya rufewa a kan yatsa. Mai kube fili take, kin wanke kin goge kin mayar. Kuma ba sai babba ba, wuƙar fiɗar giwa ma kaifi ake nema gare ta.

Abin da yake ba ni dariya, wani lokaci kuma haushi, shi ne gidan da aka ƙi sayen wuƙar maƙeri don aiki, nan ne za a nemo ta da gudu ran da aka haihu. A tura ta ƙarƙashin shimfiɗar jariri wai maganin mayu da iska, a ce mai jego kada ta zaga bayan gida sai da ita, mai takaba ma a damƙa mata. Ashe an san hanyar maƙera! Wannan camfi ne, 'yar'uwa, ƙarfe ba ya korar aljani, addu'o'in da aka koya mana su ne tsari, tsirarar wuƙa kusa da jariri kuwa ita kanta ce abin tsoron, ga yayyensa suna hawa gadon suna sauka.

In tafiyar ta yi nisa sai a lura, don abin da yake daidai a gona ba lallai ya zama daidai a titi ba. A ƙauye ba mai kallon mutum don ya rataya wuƙa zai tafi daji. A birni kuwa, inda 'yan daba suka ɓata sunanta, jami'in tsaro in ya same ta a jikin mutum tambaya zai yi, kuma yana da gaskiya. Ranar tashi ki naɗe wuƙaƙenki a tsumma ki sa cikin tukunya tare da ludayi da muciya, kowa ya buɗe ya san kayan girki ne. Ki kuma hana maigida da samarin gida yawo da ita a ƙugu cikin gari. Jirgin sama ba a shiga da ita a jakar hannu, an tsananta wannan tun bayan harin Amurka na 2001, alhazai da yawa sun baro nasu a filin jirgi, sai dai a sa a babbar jaka da ake aunawa. Wadda rabo ya kai Ingila ta sani, dokarsu ta 1988 ta hana yawo da wuƙa a bainar jama'a ba da dalili ba, sai 'yar mai naɗewa marar makulli da bakinta bai wuce inci 3 ba. Can mai kuben nan taki a kicin za ta zauna.

Akwai masu cewa kada a ba amarya wuƙa mai kaifi in gidan da kishiya, don abin da ake ji yana faruwa. Ba zan ce ba ya faruwa ba, Allah ya kiyaye. Amma wadda zuciya ta ci ta, tafasasshen ruwa ma makami ne a hannunta, taɓarya ma haka, ba kuwa wanda ya ce a kai amarya ba tukunya ba turmi. Abin da za a koya wa yarinya tun tana gida shi ne in ana cacar baki a ajiye abin da yake hannu tukuna, ba a nuna mutum da wuƙa ko da wasa, hadisi ya hana, kuma ana gama aiki a mayar da ita inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Sai dai kada ki ɗauka duk baƙar wuƙa ce ta kirki. A cikin maƙera ma akwai masu ha'inci, kamar kowace sana'a. Akwai waɗanda suke datso langa-langa ko bakin tsohuwar ganga su goga mata baki su baza a tabarma gab da Salla, ba wuta ba ban ruwa. Waɗannan sun fi na kanti muni, kuma su ne suka ɓata wa sauran suna. Don haka sayen tsaye ba naki ba ne. A je maƙera a ba da aiki, in ba kya fita ki tura ƙaninki ko ki roƙi Gwaggo, wadda ta fi ki sanin maƙerin da mahauta suke kai wa. Na taɓa raka wata 'yar ƙanwata da za ta tare, muka tarar da dattijo a bakin wuta, ta durƙusa ta gaishe shi ta ce, "Baba, wuƙa nike so a yi mini." Bai ɗago ba ya ce, "Ɗiyata, mi za ki yi da ita? Ta nama daban, ta miya daban." Ta ce ta miya da gyaran kaza. Ya ce ta miƙo hannu, ya dubi tafinta, ya auna da kara ya karya, ya ce ta dawo kasuwa mai zuwa. Wane kanti ne zai auna hannunki?

In an kawo, ki duba da kanki kafin a biya cikon kuɗi. Ki ɗaga ta ki kalli bayanta daga ƙota zuwa tsini, ta miƙe sak ko ta karkace. Bayan ya zama da ɗan kauri, ya riƙa sirancewa a hankali zuwa baki. Ki tambaya wutsiyar ƙarfen ta ratsa ƙotar har ƙarshe ko kuwa, wadda ta ratsa aka lanƙwasa ko aka buga mata ƙusa ba ta fita. Ki girgiza, in kin ji motsi a mayar. Ki ɗan danna bakin a gefe jikin itace, in ya lanƙwashe ya zauna a haka ba ta sha ruwa ba, in ya ɓantare ta sha ya yi yawa. Ƙotar ta zama busasshen itace mai ƙarfi irin aduwa ko ƙirya, ɗanye yana bushewa ya tsage. Sannan ki ɗauko nunannen tumatir, shi ne alƙali, in ta shiga fatarsa ba tare da kin danna ba to ki biya, kada ma ki tsaya dogon ciniki, mutumin nan yini ya yi a bakin wuta.

Ku kuma iyaye mata masu haɗa kaya, da ku nake. Kuɗin saitin nan guda zai yi wa 'yarku ta girki da 'yar ƙarama mai kube, a sayi dutsen washi, har a yi canji. In ba za ku iya jure idon 'yan ganin ɗaki ba, to ku sayi akwatin ku ajiye musu su kalla, amma ku cusa ta gasken a cikin tukunya. Ku kuma zaunar da ita ku nuna mata washi kafin ranar, don yawancin 'yan matan yanzu gindin turmi ko bakin siminti suke gogawa, suna cinye bakin a banza. A jiƙa dutse, a kwantar da wuƙar kaɗan kamar za a fere fatar dutsen, a tura gaba a hankali, a juya a yi wa ɗaya gefen daidai adadin na farko, a wanke a goge.

In shekaru suka ja ta sirance, cikinta ya lotsa don yawan washi, kada ki jefar. Ki ba mai zuwa gida ya kai wa maƙeri, zai rage tsawonta ya sake mata ƙota ta koma 'yar ƙarama ta fere mangwaro, ya kuma aiko miki da sabuwa a kan awon hannun nan naki.